Darakta da Askin Layi

Kafin waya mai babban gilashi ta shigo hannunsa, mai askin da ke ƙarshen layinmu mutum ne kamar kowa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da madubi mai tsaga a kusurwa, da kujera mai juyawa da ke kuka in an zauna a kanta, da dogon benci inda masu jira ke gardamar ƙwallo. Hannunsa yana da kyau, wannan ba wanda ya taɓa musu. Bakinsa ne dai ya fi hannun sauri. Yana aske maka kai yana ba ka labarin manyan mutanen da suka roƙe shi ya bi su ƙasashen waje, ya ƙi saboda tausayin kawunanmu.

Da ya sayi wayar, sai ya faɗa kallon waɗansu mutane masu kwat da ke koyar da yadda ake zama babban ɗan kasuwa. Yana cin abinci yana kallonsu, yana tafiya yana kallonsu, har sau ɗaya ya yi karo da turken fitila ya ba shi haƙuri. Ran nan da safe sai ga shi ya ɗaura nakatayi a kan farar rigarsa ta aiki, ya tsaya a bakin rumfar maƙwabcinsa Mai Faci, wanda ke gyaran taya a jikin shagon.

Ya ce, "Maƙwabci, daga yau ka daina ce mini mai aski. Darakta ne sunana."

Mai Faci yana danna tayar babur cikin ruwa yana neman huji, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Daraktan me?"

"Na kamfani."

"Ina ma'aikatan?"

"Suna tafe."

"To kafin su iso, wa zai share gashin jiya da iska ke kwaso mini?"

Darakta ya girgiza kai cike da tausayi. "Ka ga matsalarku ke nan. Ku kuna kallon gashi, ni ina kallon gaba."

Dokar farko da ya kafa ita ce ba aski sai wanda ya kama lokaci. Wanda ya fara cin karo da ita Hedimasta ne, dattijon da ya yi ritaya daga koyarwa, wanda tun buɗe shagon a nan yake aski. Ya shigo ya cire hula zai zauna, Darakta ya tare kujerar da hannu.

"Baba, ka kama lokaci?"

Hedimasta ya waiga dama da hagu. "Wane lokaci kuma? Ba kowa a shagon sai ni da kai."

"Babban kamfani ba a faɗo masa haka nan, Baba. Sai an bugo waya."

Hedimasta mutum ne mai son ganin ƙarshen abu. Ya fita, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ciro wayarsa ya buga. Darakta ya bar ta tana ruri a aljihu har ta kusa tsinkewa, sannan ya ɗauka ya maƙale murya.

"Ofishin Darakta. Da wa nake magana?"

"Da mutumin da kake kallo."

"Bari in duba ko Darakta yana da sarari." Ya ƙura wa bango ido na ɗan lokaci. "Sai jibi, Baba. Yau a cike muke."

Hedimasta ya mayar da hularsa, ya ce Allah ya ƙara ciniki, ya kama hanya. Darakta ya leƙa rumfar Mai Faci yana murmushi. "Ka gani? Yanzu zai je gida yana tunanin darajata."

Mai Faci ya ce, "Ai na ga ya bi ta layin baya. Can ma akwai mai aski, wataƙila a can zai zauna ya yi tunanin."

Doka ta biyu ta faɗa kan bencin. Darakta ya ce hira ɓarawon lokaci ce, kuma benci ne uwar hira. Ya jawo shi ya jefar waje. Mutane ba su yi fushi ba, suka ɗauki bencinsu suka ajiye a inuwar rumfar Mai Faci, gardamar ƙwallo ta koma can. Duk wanda ya zo hira da babur sai ya tuna tayarsa na son iska. Mai Faci ya fara gaida Darakta da fara'a ta musamman.

Doka ta uku taron ma'aikata ne kowace safiya. Sai ya kulle ƙofa ta ciki, ya tsaya gaban madubi yana yi wa kansa jawabi. In wani ya ƙwanƙwasa, ya ce ana taro. Wata rana muka jiyo shi yana faɗa da ƙarfi, da ya fito aka tambaye shi lafiya, ya ce ya ja wa wani ma'aikaci kunne ne a kan makara.

Ba a daɗe ba shagon ya yi tsit. Matarsa ce ta fara ganewa, ba tare da ta taka wurin ba. Ranar wata Asabar tana wanki a tsakar gida, ta ɗaga farar rigarsa ta aiki ta duba ta a rana.

Ta ce, "Baban Mami, kwana biyu rigar nan tana dawowa fes. Ko silin gashi ɗaya babu a jikinta."

"Alamar tsabtar kamfani ke nan."

"Alamar ba kan da ya kusance ka dai."

Ya gyara zama a kan kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ba ki san tsari ba ne. Duk wannan share fage nake yi. Ranar Litinin za ki ga abin da ba a taɓa yi ba a tarihin aski. Na zauna na yi nazari, na gano inda lokacinmu ke zurarewa. Zagaya kujera. Ka aske hagu, ka zagaya dama, ka dawo ƙeya, ka canza bakin kilifa, ka sake zagayawa. Rabin rayuwar mai aski a zagaye take ƙarewa. Ni kuwa jera mutane zan yi a layi. In bi su in kwashe gefen hagu gaba ɗaya, in juyo in kwashe dama gaba ɗaya. Haka ake ƙera mota a manyan masana'antu."

"Mutane ai ba motoci ba ne."

"Sun ma fi sauƙi. Mota taya huɗu gare ta, kai kuwa gefe biyu ne kacal."

"Kujerarka ɗaya. A ina za ka jera su?"

"Na sayo sababbi."

Ta tsayar da wankin. "Da me?"

Ya ɗan sosa wuya ta ƙarƙashin nakatayin, don har a gida yake sa shi. "Na rabu da janareta. Kaya ne da ke zaune yana shan mai, ba ya kawo komai."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Mai tunanin nasara ba ya tunanin ɗauke wuta."

"Su masu ɗaukewar sun san da haka?"

A daidai lokacin ƙaninta Auta ya fito daga ɗaki riƙe da takalmi yana gogewa. Auta ya gama karatu ya daɗe a gidan yana neman aiki, ya sha yawo har dugadugansa sun tsage, sai a wannan makon wani kamfanin sufuri ya kira shi ganawa, ranar Litinin da hantsi. Gidan gaba ɗaya a kan wannan ganawar ya ɗora rai.

Matar ta ce, "Ka aske yaron nan gobe, ya kwana da shirinsa."

Darakta ya ce, "Askin kwana? Ƙanin matar Darakta? Litinin da safe zan yi masa, ya shiga ofis kai na sheƙi. Shi zan sa a kujerar farko."

Auta ya ce, "Yaya, ni dai aski kawai nake so, irin na da."

"Irin na da shi ya sa kake zaune a gida. Ka bar komai a hannuna."

Litinin da sassafe layinmu ya tashi da ƙarar lasifikar hannu, irin ta masu tallan magani, wadda Darakta ya aro. Ya fito da kujerun roba huɗu ya jera a barandar shago suna fuskantar titi, ya jawo doguwar wayar wuta daga ciki. Yana kai da komo yana shela cewa yau aski kyauta ne ga mutum huɗu na farko, kuma kafin mutum ya gama atishawa an sallame shi. Jama'a suka taru, masu zuwa aiki suka dakata, 'yan benci suka juyo da bencinsu.

Auta ya zauna a kujerar farko da farar riga gogagga, fuskarsa kamar wanda za a yi wa allura. Hedimasta ya zauna a ta biyu, ya ce ya zo ne ya ga ƙarshen abin. Ta uku wani direban tifa ya cika ta, ƙato mai gashin baki murɗaɗɗe wanda ya yi shekaru yana reno, yana shafa masa mai kamar jariri. Ta huɗu ta rasa mai zama. Darakta ya dubi Mai Faci, Mai Faci ya dafe hularsa da hannu biyu. Sai ga wani baƙo mai kwat mai ruwan toka, wanda tayar motarsa ta sace a kan hanya, yana tsaye yana jiran faci yana duba agogo.

Darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, tsayuwa ba aiki asara ce. Kafin a ɗaura tayarka na gama da kai."

Baƙon ya shafa kansa, ya sake duba agogo. "Gefe-gefe kawai za ka ɗan rage mini. Ina da zama a ofis."

"Ka zo wurin da ya dace. Mu ma nan ofis ne."

Maimakon ya ɗaura wa kowa ƙyallensa a wuya, sai ya warware wani dogon yadi mai furanni da ya huda wa ramuka huɗu, ya zura kan kowa a rami guda, ya ɗaure ta baya da igiya. Ya bayyana wa jama'a cewa ɗaura ƙyalle ɗaya-ɗaya aikin mutanen da ne. Suka zauna a jere, kawuna huɗu a yadi ɗaya.

Hedimasta ya ce, "Ina madubi?"

"An soke madubi, Baba. Mai kallon madubi yana yawan gyara, gyara kuwa jinkiri ne."

Direba ya ce, "Ni dai kar ka taɓa mini gashin baki."

Darakta bai ji ba, don ya riga ya mayar da lasifika bakinsa. Ya cire ɗan matajin da ake maƙala wa bakin kilifa don rage tsawon gashi, ya jefa aljihu, ya ce canza baki ma ɓata lokaci ne, kamfani ya zaɓi salo ɗaya ga kowa. Ya kunna kilifa da hannun dama, lasifika a hagu.

"Jama'a, darasi na farko, babban ɗan kasuwa yana yin abu biyu a lokaci guda."

Kilifa ta sauka a kan Auta ta bi gefen hagu tun daga goshi har ƙeya, ta bar fata tas. Auta ya ji iska ta taɓa wurin da ba ta taɓa taɓawa ba.

"Yaya, kamar ya yi ƙasa da yawa."

"Kar ka katse layi."

Ya wuce kan Hedimasta, ya kwashe furfurar hagu, ya gangaro ya haɗa da saje da rabin gemu, don a tsarinsa duk abin da ke hagu na hagu ne. Ya isa kan Direba yana cikin darasi na biyu, wanda ya shafi sauraron abokin ciniki. Idonsa na kan jama'a, hannunsa na aiki, kilifa ta sauko ta bi ta ƙarƙashin hanci ta ɗauke rabin gashin bakin nan. Wani daga kan benci ya ja numfashi. Direba bai ankara ba, ya lumshe ido yana jin daɗin iska. Baƙon ma aka yi masa nasa, yana ta duba agogo ta ƙarƙashin yadi.

Gaskiya an yi sauri. Darakta ya tsaya a ƙarshen layi ya ɗaga kilifa sama kamar wanda ya ci kofi.

"Kun ga hagu. Wanda bai yarda da ilimi ba, yanzu ya buɗe ido ya ga dama."

Kilifa ta yi wani ɗan gurnani ta yi shiru. Fankar cikin shago ta rage gudu ta tsaya. Rediyon mai kanti da ke tsallaken titi ya ɗauke a tsakiyar waƙa.

Mai Faci ya ce a hankali, "Sun ɗauke."

Darakta ya girgiza kilifa, ya buga ta a tafin hannu, ya hura mata iska. Ya mayar da lasifika baki. "Wannan hutun rabin lokaci ne. Yana cikin tsari."

Auta ya ce, "Yaya, hantsi fa ya kusa."

"Yanzu za su dawo da ita. Sun san yau ranar buɗe kamfani ce."

Ba su dawo da ita ba. Jama'a suka fara matsowa suna leƙen kawunan ta gefe, kowa ya leƙa sai ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Hedimasta ya zaro hannu ya shafa haɓarsa, ya ji gemu a dama, ya ji santsi a hagu.

Ya ce, "Na shekara da shekaru ina koyar da rabi da kwata a allo. Ban taɓa zaton za a yi misali da fuskata ba."

Darakta ya ruga ciki ya fito da almakashi. Ya fara datsar gefen dama na Auta, amma almakashi ba ya kai wa fata, sai ya bar wurin tudu da kwari kamar gonar da awaki suka shiga. Baƙon ya ce a kawo reza. Darakta ya ce kamfani ya dakatar da sayen reza a ƙarƙashin shirin rage kashe kuɗi.

Sai idonsa ya faɗa kan motar baƙon. Fuskarsa ta washe. "Darasi na uku, inda wasu ke ganin matsala, Darakta dama yake gani. Mota ai wuta ce da ita."

Baƙon ya ce, "Kar ka taɓa mini mota."

Amma yana ɗaure a yadi, kuma Mai Faci ya bar gaban motar a buɗe. Darakta ya fizge kan wayar kilifa, ya feɗe ta da haƙori, ya ɗora silin biyu a kan batir. Tartsatsi ya tashi. Kilifa ta yi ƙara ɗaya, ta fitar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ta mutu mutuwar da ba dawowa. Motar kuma ta ɓarke da kururuwar ɓarayi, fitilunta na ƙyaftawa. Waɗanda ba su fito ba duk suka fito.

A cikin wannan hayaniyar ne Direba ya hango fuskarsa a gilashin motar. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga yatsa ya taɓa leɓensa na sama, ya bi shi daga dama, inda gashin ke nan a murɗe, zuwa hagu, inda ba komai.

Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Mai aski. Ina sauran?"

Darakta ya ja da baya taku biyu. "Maigida, ka kwantar da hankalinka. Wannan salon shi ake yayi yanzu a manyan birane. Kai ne na farko da ya samu a nan."

Direba ya miƙe. Da yake wuyansa da na sauran a yadi ɗaya suke, miƙewarsa ta ɗaga Hedimasta da baƙo, ta fizgo Auta daga ƙarshe. Kujeru suka zube. Darakta ya yar da lasifika ya zagaya bayan tarin tayoyin Mai Faci, Direba ya bi shi, sauran ukun suka bi Direba ba da son ransu ba. Haka suka yi ta zagaya tayoyin kamar taragon jirgin ƙasa, Hedimasta yana cewa a tuna da gwiwarsa, baƙo yana cewa yana da zama a ofis, Auta yana roƙon kar a taka masa takalmi. Darakta yana gudu nakatayi na kaɗawa ta kafaɗa, yana waiwaye yana cewa duk wani ƙorafi a rubuto shi a rubuce. 'Yan benci suka hau kan bencin don su gani da kyau.

Matar Darakta ce ta tsayar da jirgin. Kururuwar mota ta fito da ita, ta ratsa jama'a ta tsaya a gabansu, ta dubi yadin tun daga wannan baki har wancan.

Ta ce, "Baban Mami, labulen ɗakina ne wannan?"

Darakta yana haki ta bayan taya ya ce, "Kamfani ya ara."

Ta ɗauki almakashi a ƙasa ta yanke igiyar, ta saki mutane ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri. Da ta zo kan Auta ta ga kansa, sai ta runtse ido.

Wani ya ce a garzaya da shi wurin mai askin layin baya, shi yana da janareta. Wani ya amsa cewa daga can yake, layi har titi, duk tsofaffin mutanen Darakta ne, kuma janaretan ma na Darakta ne da ya sayar masa. Jama'a suka sake fashewa da dariya. Auta bai yi dariya ba, idonsa ya kawo ruwa, don ko an samo reza yanzu, kafin a jiƙa kai a kankare lokaci ya wuce.

Mai kanti ya ce yana da huluna, amma na sanyi ne na ulu da suka yi kwantai. Rana kuwa ta riga ta fara dukan ƙeya. Baƙon bai tsaya zaɓe ba, ya karɓi ɗaya ya ja ta har kunne, ya kashe kururuwar motarsa, wadda Mai Faci ya riga ya ɗaura wa taya, ya shiga ya ja, ko kallon Darakta bai yi ba. Matar ta karɓi ɗaya ta cusa wa Auta, ta kakkaɓe masa riga, ta tsayar masa da babur.

Ta ce, "Je ka. Kanka suke so, ba gashinka ba."

Sannan ta sayo reza da sabulu a kanti ta danƙa wa mijinta. A gaban kowa, ba lasifika ba jawabi, ya zaunar da Hedimasta ya kankare masa kai da gemu tas, ya gama da shi sannan ya koma kan Direba. Da aka zo kan ragowar gashin bakin, Direba ya rufe ido, 'yan benci suka yi shiru kamar ana jana'iza.

Da aka gama Direba ya miƙe, ya karɓi rezar, ya nuna kujera. "Zauna, Darakta. Ni ma na koyi tsarin."

Darakta ya dubi matarsa neman ceto, ta ɗaga kai tana kallon sama. Direba ya kankare masa gefen hagu tas, ya bar dama yadda yake. Hedimasta ya yanke hukunci, jama'a suka amince, cewa haka kan zai zauna, ba hula, har sai gashin bakin Direba ya tsiro.

Da la'asar Darakta yana zaune a tsakar gida ya juya wa ƙofa gefensa mai gashi, sai ga Auta ya shigo da hula a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Yayarsa ta taso ta tare shi.

Auta ya ce, "Na shiga ɗakin, mutum uku a bayan tebur. Wata mata ta ce in cire hula, nan ofis ne. Sai na tsakiyarsu ya ce a bar shi. Na ɗaga ido na dube shi. Kwat mai ruwan toka, da hular ulu har kunne, gumi na bin wuyansa."

Ta dafe ƙirji. "Shi ne?"

"Shi ne shugaban. Ya ƙura mini ido, na ƙura masa. Ya ce tambaya ɗaya gare shi. In kana tsakiyar aiki tsari ya rushe, me za ka yi? Na ce, ranka ya daɗe, sai in sayi hula in iso a kan lokaci. Ya yi ta dariya har hular ta zame, sauran biyun suka ga abin da ke ƙasa. Ya ce in fara aiki farkon wata."

Matar ta zauna a bakin tabarma tana dariya tana share hawaye. Darakta kuwa a hankali ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya miƙe ya gyara nakatayi.

"Kun gani? Wa ya zaunar da su a layi ɗaya? Wannan shi manyan 'yan kasuwa ke kira haɗa mutane. Da na bar shi ya yi askin kwana, da yanzu yana cikin 'yan a dawo gobe."

Ta ce, "Baban Mami, gobe benci zai koma ciki. Waya za ta zauna a gida. Abin wuyan nan zan ɗaure buhun gawayi da shi. Kuma ina jiran labulena."

Ya dubi fuskarta, ya kwance nakatayin ya miƙa mata.

Haka aka yi. Ya tono tsohuwar kilifarsa aka gyara, benci ya koma wurinsa, gardamar ƙwallo ta dawo, Mai Faci ya rage fara'a. Mutane suka riƙa zuwa, wasu don aski, wasu don su ga kan mai askin. Labarin Auta kuwa ya zaga unguwa, ana ƙara masa gishiri a kowane lungu.

Wata safiya yana share shago, matarsa ta kawo masa abinci tana tsaye a bakin ƙofa, sai ga samari biyu sun shigo da takardun makaranta a hannu, sun sha guga. Suka gaishe shi da ladabi. Babbansu ya ce suna da ganawar aiki yau, sun zo a yi musu irin askin da aka yi wa Auta, mai sa a ɗauki mutum.

Idon Darakta ya yi haske. Ya jingine tsintsiya, ya gyara murya, hannunsa ya tafi wuya neman abin da ba ya nan. Sai ya haɗa ido da matarsa. Ta naɗe hannu a ƙirji tana jira.

Ya dubi fankar da ke juyawa a sama, ya kakkaɓe kujera.

Ya ce, "Ku zauna ɗaya-ɗaya in yi muku na kowa da kowa. Wancan sai an ɗauke wuta ake yinsa."